Gadarif: Abin da za a duba idan rumbun ajiyar bayanai na gida ya ƙi buɗuwa

Tun bayan ɓarkewar yaƙin Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, hoton takarda ya zama dukiya. Iyalai da dama sun bar gidajensu ba tare da shaidar karatu ko takardar fili ko ta aure ba, abin da ya rage musu shi ne kwafin da ke cikin waya ko kwamfuta.

Birnin Gadarif da ke gabashin ƙasar na daga cikin wuraren da suka karɓi ɗimbin waɗannan mutane, musamman bayan da dakarun RSF suka shiga Wad Madani a Disamban 2023. Garin ya yi suna wajen noman dawa da riɗi, kuma Hausawa sun daɗe a cikinsa da ƙauyukansa, yawancinsu jikokin mahajjata da manoman da suka taso daga ƙasar Hausa suka yada zango a gabas. Danginsu na warwatse a Najeriya da Nijar da Chadi da Saudiyya.

Ga mai shagon buga takardu, ko mai ɗaukar hoton biki, ko dillalin riɗi da ke ajiye lissafinsa a kwamfuta, ɗaya daga cikin hanyoyin adana irin waɗannan bayanai ita ce wata ƙaramar na'ura da ake kira NAS. Matsala biyu ce aka fi cin karo da ita a kanta: ko dai fayiloli su ƙi buɗuwa alhali na'urar na kunne, ko kuma ta lalace wajen sabunta manhajarta ta ciki. Yawancin lokaci bayanan suna nan lafiya lau. Gaggawar mai gyara ce ke hallaka su.

Mece ce NAS?

Ƙaramin akwati ne mai faifan ajiya ɗaya ko biyu ko huɗu, wanda ake haɗawa da rautar gida ta kebul. Duk waya ko kwamfutar da ke kan wannan rauta na iya zuba fayil a ciki ko ta ɗauka, kamar yadda mutanen gida ɗaya ke ɗibar hatsi a rumbu ɗaya. Kamfanonin da suka fi shahara wajen ƙera ta sun haɗa da Synology da QNAP da Asustor da Western Digital da D-Link.

A zahiri kwamfuta ce cikakkiya, sai dai ba ta da allo. Tana da manhajarta ta ciki, wadda kusan kullum a kan tsarin Linux aka gina ta. Ta Synology sunanta DSM, ta QNAP kuma QTS. Ana sarrafa ta ne ta hanyar rubuta adireshinta a burauza.

Babban amfaninta shi ne ba ta buƙatar intanet kafin ta yi aiki a cikin gida. Mutanen Sudan sun ga muhimmancin haka a farkon Fabrairun 2024, lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk faɗin ƙasar. Wanda takardunsa ke Google Drive ko cikin saƙonnin imel ya rasa hanyar kai wa gare su, hatta manhajar Bankak da jama'a ke hada-hadar kuɗi da ita ta tsaya. Rauta kuwa, ko babu sabis a cikinta, tana ci gaba da haɗa na'urorin da ke gida ɗaya.

Amma ba kowace na'ura ce ke zuwa a shirye don haka ba. A Afrilun 2023, bayan kutsen da aka yi wa kamfanin Western Digital, sabis ɗinsa na My Cloud ya tsaya na kusan kwana goma. Masu na'urar My Cloud Home a ƙasashe daban-daban sun kasa shiga fayilolin da ke kan teburinsu, saboda sai an bi ta kwamfutocin kamfanin ake tantance mai shiga. Daga baya kamfanin ya fitar da bayanin yadda ake kunna shiga ta cikin gida. Don haka gwajin farko da ya kamata mai na'ura ya yi tun lafiya lau shi ne ya kashe data a rautarsa, ya ga ko fayilolinsa za su buɗe.

A fara da wuta da kebul

Kafin a taɓa kowane saiti, a dubi fitilun da ke gaban na'urar da kuma na bakin kebul a bayanta. Idan na bakin kebul ba sa ƙyaftawa, a canza kebul ko a mayar da shi wani rami a jikin rautar.

Sai adaftar wuta. Yawancin ƙananan na'urorin nan da bolt 12 suke aiki, kuma adaftar da wutar da ke hawa da sauka ta gajiyar kan iya kunna fitila amma ta kasa juya faifai. Alamarta ita ce a ji faifan ya fara juyi ya tsaya, ya sake farawa. Duk adaftar da za a maye gurbinta da ita dole ƙarfinta ya kai wanda aka rubuta a jikin ta asali.

Bayan ɗaukewar wuta ba zato, na'urar kan ɗauki lokaci tana binciken faifanta kafin ta buɗe wa kowa. Wani lokaci minti kaɗan ne, wani lokaci sa'o'i. Kashe ta a wannan hali na ƙara ɓarna.

Zafi ma abin lura ne. Synology ta rubuta cewa na'urorinta na aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 40, alhali zafin Gadarif a watannin Afrilu da Mayu kan haura haka. Idan ƙura ta toshe fanka, na'urar kan kashe kanta don kare faifan. Share ƙurar da ajiye ta inda iska ke shiga kan magance abin da ake zaton babbar lalura ce.

Adireshin da ya ɓata

Kowace na'ura a kan rauta tana da lambar adireshi da ake kira IP, misali 192.168.8.50. Rautar ce ke raba lambobin, kuma tana iya canza su duk lokacin da aka kashe aka kunna. A inda wuta ke ɗaukewa kullum, na'urar da jiya take lamba 50 yau za ta iya komawa 103, kwamfuta kuma ta ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa.

Ana gano sabuwar lambar a shafin rautar, cikin jerin na'urorin da ke haɗe da ita, ko ta manhajojin nema irin su Synology Assistant da Qfinder Pro. Maganin dindindin shi ne a umarci rautar ta keɓe wa na'urar lamba ɗaya da ba ta canzawa.

Akwai kuma matsalar sauya rauta, wadda ta zama ruwan dare ga waɗanda ke tsalle daga wannan kamfanin waya zuwa wancan gwargwadon inda sabis yake. Rautocin Huawei yawanci da 192.168.8 suke farawa, wasu kuma da 192.168.0 ko 192.168.1. Na'urar da aka rubuta wa adireshi da hannu a tsohon tsari ba za ta ga kowa a sabo ba. Ko dai a mayar da ita kan tsohuwar rautar a sake mata saiti, ko a canza lambobin sabuwar rautar su dace da nata.

Idan aka ga adireshi ya fara da 169.254, ma'anarsa na'urar ba ta samu lamba daga rauta ba sam. A koma kan kebul da rautar. Haka kuma wayar da ta shiga Wi-Fi na baƙi ba za ta ga na'urorin gida ba, domin an tsara shi ne ya raba su.

Shafin na buɗewa, folda ta ƙi

Idan shafin sarrafa na'urar ya buɗe a burauza amma Windows ta ce ba ta ga hanya ba, sau da yawa da lambar kuskure 0x80070035, to matsalar ta harshen da suke magana da juna ce. Sunan harshen SMB, kuma yana da zubi uku: na ɗaya tsoho ne tun shekarun 1980, na biyu ya zo da Windows Vista, na uku kuma da Windows 8 a 2012.

A Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta bi ta wata kafa a zubi na ɗaya ta kama kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin Ingila. Daga ƙarshen wannan shekara Microsoft ta fara janye SMB1 daga sababbin Windows 10. Tsofaffin na'urorin ajiya da ba su iya wani harshe sai shi suka wayi gari ba mai jin su.

Shawarar da ta fi yawo ita ce a sake kunna SMB1 a kwamfuta. Tana aiki, amma tana mayar da kwamfutar cikin hatsarin da aka gudu. Abin da ya fi shi ne a shiga saitin na'urar ajiyar a ɗaga harshenta zuwa SMB2 ko SMB3 idan tana da su. Idan ba ta da su, a kunna SMB1 na ɗan lokaci a kwamfuta ɗaya da aka cire daga intanet, a kwashe fayilolin, sannan a kashe.

Wani sabon shinge ya zo da Windows 11 zubin 24H2 na Oktoban 2024. A nau'in Pro, yanzu kwamfuta na buƙatar sa hannun tsaro a kan duk musayar SMB, kuma ta daina yarda a shiga folda a matsayin baƙo marar kalmar sirri. Mutane da yawa sun ci karo da wannan ne bayan da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025 suka koma sabuwar. Mafita ita ce a buɗe wa kowane mutum asusu da kalmar sirri a kan na'urar, a ba shi izinin foldar da ta shafe shi, a kuma kunna sa hannun a saitinta.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke ɓata wa mutane yini guda. Windows na riƙe tsohuwar kalmar sirri ta riƙa aika ta ba tare da tambaya ba, sai an goge ta daga ma'ajiyar kalmomin sirri ta kwamfutar. Sannan ba ta yarda a shiga na'ura ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda. Hanyar da ta fi sauƙi ta gwaji ita ce a rubuta adireshin kai tsaye a saman tagar fayiloli, kamar haka: \\192.168.8.50, maimakon jiran sunan na'urar ya bayyana da kansa.

Abin da lambobin FTP ke faɗa

FTP ya girmi duk waɗannan. An fara rubuta ƙa'idarsa a 1971, kuma wadda ake aiki da ita yau ta 1985 ce. Har yanzu kyamarorin tsaro da injinan kwafin takardu da yawa da shi suke tura fayil zuwa na'urar ajiya.

Abu na farko: burauza ta daina buɗe shi. Chrome da Firefox duk sun cire FTP a 2021. Wanda ya rubuta adireshin a burauza bai ga komai ba, ba na'urarsa ce ta lalace ba. Sai ya yi amfani da manhaja irin su FileZilla ko WinSCP, waɗanda kyauta ne. Abu na biyu: a yawancin na'urori FTP a kashe yake zuwa, sai an kunna shi, kuma a wasu sai an ba kowane asusu izinin amfani da shi daban.

FTP da layi biyu yake aiki. Ƙofa ta 21 ta gaisuwa ce da ba da umarni, fayilolin kansu kuma ta wata ƙofa daban suke bi. Shi ya sa ake ganin an karɓi suna da kalmar sirri, amma jerin fayiloli ya ƙi fitowa. A tsohon salo, na'urar ajiya ce ke juyowa ta kira kwamfuta, kuma katangar tsaron kwamfutar kan ƙi amsawa. A ɗaya salon, wanda manhajoji ke nuna wa da PASV, kwamfutar ce ke buɗe layukan biyu. Komawa wannan salo kan warware matsalar, muddin an bar ƙofofin da na'urar ta ware masa a buɗe a katangar tsaronta.

Manhajar na nuna lambobin amsa, kuma kowace da ma'anarta:

- 530: ba a karɓi suna ko kalmar sirri ba, ko asusun ba shi da izinin FTP.
- 550: an shiga, amma babu izinin taɓa wannan folda, ko fayil ɗin ba ya nan.
- 425: layin fayiloli ya kasa buɗuwa, a duba salon haɗawa da katangar tsaro.
- 421: na'urar ta rufe layin, sau da yawa saboda masu shiga sun yi yawa.
- 552: wurin da aka ware wa asusun ya cika.

Wasu na'urori na toshe adireshin duk wanda ya yi kuskuren kalmar sirri sau da dama a jere. Idan kwamfuta ɗaya ce kaɗai ta kasa shiga, a duba jerin waɗanda aka toshe ta wata na'urar.

Babban aibin FTP shi ne a fili yake aika kalmar sirri, duk wanda ke kan layin zai iya karanta ta. Inda na'ura ke da SFTP, wanda ke bi ta ƙofa ta 22, ko FTPS, su suka fi dacewa.

Sunayen da ke rikiɗewa

Wannan matsala ta fi shafar masu aiki da harshe fiye da ɗaya. Fayil ɗin da aka sa wa suna da Larabci a Gadarif, ko da haruffan Hausa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, ko da wasulan Faransanci masu alama a Maraɗi, kan iya fitowa da alamun tambaya bayan an tura shi ta FTP. Wani lokaci ma ya ƙi buɗuwa.

Abin da ke ciki bai lalace ba. Tsofaffin tsare-tsare kowane harshe da jadawalin haruffansa, kuma ɓangarorin biyu ba su yi amfani da jadawali ɗaya ba. A tilasta amfani da UTF-8 a saitin na'urar da na manhajar turawa, domin shi ne ke ɗauke da haruffan duka harsunan uku.

Agogo ma na da tasiri. Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya ranar 1 ga Nuwamban 2017. Na'urar da manhajarta ta girmi wannan rana za ta riƙa nuna lokacin Khartoum da kuskuren awa guda. Ana gyarawa ta hanyar zaɓar wani birni da ke gaban agogon GMT da awa biyu duk shekara, kamar Harare. Idan kuma ƙaramin batirin agogon na'urar ya mutu, kwanan wata kan koma shekaru baya duk lokacin da wuta ta ɗauke, abin da ke hana shafukan tsaro buɗuwa, ya kuma hana lambobin tantancewa na waya aiki.

Shiga daga nesa

Burin da yawa shi ne ɗan'uwa da ke Jidda ko Kano ya iya ɗaukar takarda daga na'urar da ke gida. Tsohuwar dabara ita ce a buɗe ƙofa a rauta a nuna ta ga na'urar.

A kan layin wayar salula wannan yawanci ba ya aiki, domin kamfanonin waya kan haɗa masu amfani da yawa a kan adireshin waje guda ɗaya. Haka tsarin Starlink na gama-gari yake. Ana ganewa idan adireshin wajen da rautar ke nunawa ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya bambanta da wanda shafukan duba adireshi ke nunawa. A nan ko an kwana ana gyaran saiti ba za a dace ba.

Inda dabarar ke aiki kuma, hatsarinta ya fi amfaninta. Hanyoyin da suka fi aminci su ne waɗanda ba sa buƙatar buɗe ƙofa, irin su QuickConnect na Synology ko manhajar Tailscale, tare da kalmar sirri mai ƙarfi da tantancewa mataki biyu. Ya kamata kuma a kashe UPnP a rauta, domin shi ne ke ba na'ura damar buɗe wa kanta ƙofa ba da sanin mai ita ba.

Hatsarin barin tsohuwar manhaja

A Yunin 2021 masu na'urar My Book Live ta Western Digital a sassan duniya sun tashi sun tarar an share musu komai. Masu kutse ne suka aika umarnin mayar da na'urorin yadda suka fito daga masana'anta. Rabon da kamfanin ya sabunta manhajar wannan samfuri tun 2015, kuma shawarar da ya bayar ita ce a cire su daga intanet nan take.

A Janairun 2022 ƙwayar DeadBolt ta kulle fayilolin dubban na'urorin QNAP, masu ita suna neman kuɗin fansa na bitcoin 0.03 a kan kowace, sama da dala dubu ɗaya a lokacin. Wata guda bayan haka ta faɗa wa na Asustor.

A Afrilun 2024 kuma aka bankaɗo wata ɓoyayyiyar kafa a samfuran D-Link da suka haɗa da DNS-320L da DNS-325 da DNS-327L da DNS-340L. Wanda ya gano ta ya ƙiyasta cewa sama da 92,000 na buɗe a intanet. Kamfanin ya ce ba zai toshe ta ba saboda wa'adin samfuran ya ƙare, ya shawarci masu su da su yi musu ritaya.

Irin waɗannan tsofaffin samfura su ne ke da araha a kasuwar kayan hannu. Mai saye ya duba lambar samfurin a shafin kamfani ya ga ko har yanzu ana fitar masa da sabuntawa. Idan wa'adinsa ya ƙare, ana iya amfani da shi a cikin gida kawai, a hana shi fita intanet ta saitin rauta.

Hatsarin sabuntawa

Sai dai sabuntawar ma ba wasa ba ce, kada garin gyaran gira a rasa ido. A mintunan da na'ura ke rubuta sabuwar manhaja, tsohuwar ta riga ta fara gogewa. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.

A Gadarif wannan ba zato ba ne. A Janairun 2025 harin jirgi marar matuƙi a tashar lantarki ta Shawak ya jefa jihohin Gadarif da Kassala da Sennar cikin duhu ba tare da gargaɗi ba. Saboda haka ba a fara sabuntawa a kan wutar gwamnati kaɗai. A ɗora na'urar da rautar a kan UPS ko inbata mai cikakken caji. Na'ura mai faifai biyu ba ta cin wuta sosai, wat 15 zuwa 30 ne, don haka ƙaramin batir ma ya isa. Mai sola ya yi aikin da hantsi, ba da magariba ba. Haka kuma gara a kashe sabuntawar da na'ura ke yi da kanta cikin dare, a bar ta ta riƙa sanarwa kawai, mai ita ya zaɓi lokaci, amma kada ya yi ta ɗagawa.

Sauran matakan su ne:

A kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai kafin komai, a kuma adana saitin na'urar.

A karanta cikakkiyar lambar samfuri a takardar da ke manne a jikinta. Harafi ɗaya na da muhimmanci: DNS-320 da DNS-320L ba abu ɗaya ba ne, kuma ita kanta DNS-320 tana da zubin A da na B, kowane da manhajarsa.

A sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin kaɗai, ba daga WhatsApp ko Telegram ba. Inda sabis ke yankewa, gara a sauke shi a kwamfuta tukuna, a gwada girmansa da lambar tantancewar da kamfani ya wallafa, sannan a ɗora shi ta kebul, ba ta Wi-Fi ba.

A karanta bayanin da ke tare da shi. Na'urar da ta yi shekaru ba a taɓa ba kan buƙaci a bi mataki-mataki, ba a tsallake zuwa na ƙarshe ba. Wasu sabuntawar kuma ba a komawa baya, kamar DSM 7 da Synology ta fitar a 2021, wadda ta zo da SMB1 a kashe. Tsohon injin kwafi ko kyamarar da ke dogara da shi zai daina turo fayil washegari, alhali ba abin da ya lalace.

Bayan an fara, a bar ta. Minti goma zuwa ashirin ne yawanci, amma tana iya wuce haka, kuma za ta kashe kanta ta kunna.

Idan ta ƙi tashi

A nan ne aka fi yin asara. Maɓallin sake saiti da ke bayan na'ura ba aiki ɗaya yake yi ba. A na'urorin Synology, danna shi na kusan daƙiƙa 4 har a ji ƙara yana mayar da saitin adireshi da kalmar sirrin shugaba ne kawai. Maimaita dannawar nan take kuma na share manhajar, sai an sake ɗora ta. A My Cloud akwai na daƙiƙa 4 da na daƙiƙa 40. Ban da waɗannan, a cikin shafin sarrafawa akwai zaɓin da ke goge komai da komai. Kada a danna kowanne sai an karanta littafin wannan samfurin.

Ko da akwatin ya mutu, faifan da ke ciki na iya kasancewa lafiya. Amma an tsara shi ne da tsarin Linux, wanda Windows ba ta karantawa. Idan aka haɗa shi da kwamfuta, za ta ce faifan na buƙatar a tsara shi. Amsa mata da "to" shi ne kuskure mafi tsada a wannan harka. Mai gyaran da ya san aikinsa da kwamfuta mai Linux zai buɗe shi, ya kwafe abin da ke ciki ba tare da rubuta komai a kai ba. Idan faifan sun fi ɗaya, a sa musu lamba gwargwadon ramin da kowane ya fito. Idan kuma faifai na ƙas-ƙas, a kashe shi nan take, domin kowace kunnawa na ƙara masa rauni.

Ya kamata mai kaya ya faɗa wa mai gyara tun farko cewa bayanan ne ke da muhimmanci ba akwatin ba, kuma kada a goge komai sai da izininsa.

Faifai biyu ba kwafi biyu ba ne

Masu na'ura mai faifai biyu da ke kwafar juna, wato RAID 1, kan ɗauka sun tsira. Wannan tsari na kariya ne daga mutuwar faifai ɗaya kawai. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, ko ƙwaya ta kulle, yana tafiya ne a duka biyun lokaci guda. Gobara da sata da gudun hijira kuwa akwatin gaba ɗaya suke ɗauka.

Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ga iyali, wannan na iya zama na'urar gida, da ƙaramin faifai ko filashi da ake cirewa a ajiye cikin jakar takardu, da kuma kwafin muhimman takardu a hannun amintaccen ɗan'uwa a wani gari ko wata ƙasa. Filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya haura gigabait 4, don haka mai ajiye bidiyo ya mayar da shi exFAT kafin ya fara zubawa.

Takardun iyali gaba ɗaya, in an ɗauke su a hoto, da wuya su cika filashi mafi ƙanƙanta a kasuwa. Abin da ya rage shi ne a riƙa buɗe kwafin lokaci-lokaci a tabbatar yana aiki, a kuma rubuta adireshin na'urar da sunan shiga a takarda, a sanar da mutum na biyu a gidan inda take.